Taswirar Kwarin Giyayya

Jiya na hangi uku daga cikinku a gindin darbejiyar ofis, kowa da waya a hannu, kuna cike tambayoyin ƙauye biyu ba tare da kun taka ko ɗaya ba. Ban tanka ba, don ba ni na ɗauke ku aiki ba. Amma tunda yau da ƙafarku kuka zo kuka ce in gaya muku yadda muka yi aikin nan a zamaninmu, to ku gyara zama. Ni ban yi digirin digirgir ba, ko na farkon ma ban yi ba. Abin da na yi shi ne raka masu yinsa cikin fadamar Haɗeja, tun ƙarshen shekarun tamanin, muna jihar Kano tukuna, har aka ba mu Jigawa na ci gaba. Su suke zuwa da tambaya daga jami'a, ni nake kai su inda amsa take. Kuna ganin aikin tambaya ce da rubutu kawai, ni kuwa na ga inda rubutun layi ɗaya ya kusa sa a zubar da jini.

Ina koyarwa a firamare aka fara nemana, saboda ina jin Barbarci kuma na san hanyoyin Guri da Kaugama da Miga a kan babur. Wanda ya koya mini aikin wani tsohon malamin gona ne, Baba Audu, Allah ya jiƙansa. Ranar farko da ya ga na zaro takarda a ƙofar gidan bulama, wato mai garin, sai ya buge mini hannu a gaban jama'a. Da muka keɓe ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen nan takarda biyu suka sani, ta haraji da ta jangali. Kwana uku na farko gaisuwa za ka yi, ka ci abin da aka ba ka, ka tambayi lafiyar ruwa." Shi ya koya mini ba a tambayar Bafillace yawan shanunsa, sai dai ka je mashaya ka yi shiru ka duba. Ba a tambayar magidanci abin da ya rage a rumbu yana cikin mutane. In kuma amsa ta zo da sauri, a sake tambaya bayan kwana biyu, a wani wurin.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Takardun tambaya da inji ake murzo su, tawadar na bin hannu. Da fensir muke rubutu, don biro in ya sha ruwan kwalekwale shi ke nan, aikin mako ya tafi. Akwai rikoda mai kaset da ke cin batir kamar fara a gonar gero, da igiyar awo, da leda mai kauri da muke naɗe komai a ciki in za mu haye. Masu digirin kuwa iri-iri ne. Akwai wanda ya zo da amsarsa a aljihu, so yake kawai ƙauye ya sa masa hannu. Akwai Baturen da ya tambayi wata tsohuwa ko ta lura yanayi ya canja, ta dube shi ta ce da ni, "Gaya masa inda yake tsaye nan, a nan na koyi iyo."

A cikinsu duka wanda ba na mantawa shi ne Yohanna, ɗan kudancin Kaduna, siriri mai tabarau, Hausarsa garau. Tun bai gama ba nake ce masa Dokta, yana cewa in bari sai Allah ya yi. Bincikensa a kan yadda talakan fadama yake rayuwa ne tun da ruwa ya fara ja baya, ga ƙarancin damina, ga madatsar da aka gina can sama. Malaminsa na jami'a ya ce lallai a zana taswirar ƙauye ɗaya, fili bayan fili, a sa sunan mai kowane fili. Muka zaɓi wani ƙauye ta wajen Guri, ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan.

A yammacin ƙauyen akwai wani kwari da ake kira Kwarin Giyayya, saboda itatuwan da suka kewaye shi. Ga yadda al'adarsa take, kuma ku saurara da kyau, don a nan maganar take. In kogi ya cika ya malalo, kwarin ya zama tafki, to na Baba Maina ne, wani tsohon masunci. Babu mai jefa ko ƙugiya a ciki sai shi ya sa ranar su, wato kamun kifin gayya, gari ya fito a kama tare. In an yi su, ruwa ya janye ya bar laima, ƙasar ta Alhaji Umaru ce, ya shuka wake. In ya roro wakensa, harawa da ciyawa na Arɗo Bello ne da shanunsa, su ci su bar taki. Haka kakanninsu suka yi, ba takarda, ba shinge. Wuri ɗaya masu shi uku, ruwa ne yake faɗin na wane ne yau.

Takardarmu kuwa gurbi ɗaya gare ta, an rubuta "sunan mai fili".

Ranar da muka kai kwarin bazara ce, bayan azahar, rana kamar ta narka mutum. Ƙasa ta bushe ta dare, babu alamar kifi ya taɓa zama a wurin. Muka tarar da Alhaji Umaru yana ɗaure buhunan wake. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, nan na wa?" Ya ce, "Nawa ne, gado." Kuma bai yi ƙarya ba, a ranar nasa ne. Na rubuta sunansa na wuce, fili goma sha na jirana kafin la'asar. Da yamma Yohanna yana duba takardun ya ɗago kai.

"Malam Sale, ba nan ne ka ce ana su ba?"

"Nan ne, Dokta. Amma gurbi ɗaya suka ba mu."

Ya ce, "To bar shi haka, zan yi bayani a cikin littafin."

Ni na san al'adar tun ina yaro, na sha cin tarwaɗar kwarin nan. Ba rashin sani ba ne, gajiya ce da ganin cewa takardar makaranta ce, wa zai duba. Yohanna ya kai taswirar jami'a aka zana ta da tawada, tsaf, aka buga mata hatimin sashensu a ƙasa. Sannan ni da bakina na ba shi shawara, na ce baƙon kirki ba ya barin gari hannu rabbana, a ba bulama kwafi ɗaya don godiya. Bulama ya yi murna, ya sa aka rataye ta a zaurensa kusa da kalanda.

Daminar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarar. Ku ba ku san tsoron jiran ruwa ba. Kullum da safe dattawa su tafi bakin kogi su kafa kara a gaɓa, da yamma su koma su tarar da karan a bushe. Shinkafar da aka shuka a fadama ta tsiro da ruwan sama, ta tsaya tana jiran kogi, ta yi ja, ta mutu a tsaye. Kwalekwale suna kife a kan yashi, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Mutane suka rage hira, in an haɗu sai "ya ruwa?" a amsa "sai addu'a." Da ruwan ya zo a ƙarshe, ɗan kaɗan ya leƙo ya koma. A duk yankin ƙauyen nan wuri ɗaya ne ya riƙe ruwa, Kwarin Giyayya.

Lokacin kuma an shigo da ƙananan injinan ban ruwa, kowa na maganar alkama. Alhaji Umaru ya sayi ɗaya. Sanyi na shigowa ya share tudun da ke gefen kwarin, ya shuka alkama, ya tsoma tiyo cikin tafkin ya tayar da inji, alhali ba a yi su ba, kifin ma bai gama girma ba. Baba Maina ya je ya ce a kashe. Alhaji ya tafi zauren bulama, wanda surukinsa ne, ya sauko da taswirar, ya ɗora yatsa a kan sunansa. Ya ce jami'a ta auna ta rubuta, ga hatimi, babu sunan wani masunci ko Bafillace a ciki.

Wata Laraba da hantsi ina cikin aji wani direban a-kori-kura ya leƙo ta taga. Ya ce, "Malam Sale, bulama na nemanku kai da baƙonka yau yau. 'Ya'yan Baba Maina sun rantse in injin nan ya kai gobe yana aiki, sai dai a ɗauko gawa. Fulani ma sun sauko." Na bar alli a kan tebur ban ko sallami yara ba. Na tarar da Yohanna a ɗakin da yake haya a bayan kasuwa yana buga keken rubutu. Da na gaya masa ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam, taswirar nan na riga na aika wa malamina, kuma na ba ma'aikatar gona kwafi, su suka ba ni izinin shiga." Na ce ya hau babur, maganar ma'aikata sai mun dawo, in mun dawo.

Ban taɓa jin tsawon hanyar Guri kamar ranar ba. Ina tuƙi ina lissafin mutanen da na sani a kowane ɓangare. Babban ɗan Baba Maina ajinmu ɗaya a firamare. Ƙanen Alhaji yana auren 'yar gwaggona. In aka kashe wani, ba za a ce takardar jami'a ba, cewa za a yi Sale ɗan wane ne ya rubuta, kuma ni ba ni da wata Kaduna da zan koma. Tun daga nesa muka jiyo ƙarar injin. Da muka shiga garin babu mace ko yaro a waje, an tura kowa cikin gida. A bakin kwarin masunta sun tsaya a gabas da zago a hannu, mashin nan da suke sukar babban kifi da shi. 'Yan uwan Alhaji sun kewaye injin da gatura da fartanya. Can gindin giyayya samarin Fulani sun jingina da sanduna, shanunsu a baya suna kuka saboda sun ji ƙanshin ruwa. Na taka birki muka sauka.

Aka zauna a ƙofar gidan bulama, an shimfiɗa taswirar a kan tabarma an danne da duwatsu. Bulama ya tsufa a kwana biyu. Ya ce, "Malam Sale, ku kuka kawo takardar nan. Ku gaya wa jama'a, gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce?"

Yohanna ya yunƙura zai tashi na riƙe masa riga. Baƙo ne, in ya fara magana da "a binciken da muka yi" an gama. Ni na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta sunan nan da hannuna. Ranar da na zo kwarin a bushe yake, Alhaji na tarar, shi na rubuta. Na san ruwan na Baba Maina ne, na san harawar ta Arɗo ce. Takardar ce ba ta da wurin suna uku, ni kuma na yi ganganci."

Alhaji Umaru ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yo Malam, da kana rubutawa ba ka san ganganci ba ne sai yau da ka ga zago? Ni ban roƙe ka ba. Kai malamin firamare ne, wannan kuwa hatimin jami'a ne. Wa ya fi wani?"

Wani daga cikin masunta ya yi ihu daga baya, aka fara miƙewa. Na ga babban ɗan Baba Maina ya juya zagonsa, tsinin ya dubi gaba. Wallahi a lokacin na fara kalmar shahada a zuci. Sai Yohanna ya durƙusa a kan tabarmar, ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a kan sunan Alhaji. Ya danna har biron ya huda takardar. Ya rubuta suna uku a gefe, ya sa hannu, sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, aikin nawa ne, sunana ne a ƙasan hatimin. Na yi kuskure, ga shi na gyara a gaban kowa. Jami'a ba ta san kwarin nan ba, abin da na kai mata shi ta buga."

Ƙarar injin na ta tashi daga nesa. Arɗo Bello ya ce, "To, mai takarda ya ce takardarsa ta yi ƙarya. Sai a koma wa abin da muka tarar." Bulama ya sami inda zai dafa. Ya ce a kashe inji sai bayan su. Aka je aka kashe, ƙarar ta mutu. Baba Maina duk zaman nan bai dubi taswirar ko sau ɗaya ba, ni yake kallo.

Muka koma Haɗeja muna hamdala, muna zaton bakin alƙalami ya bushe. Yohanna ya watsar da babi guda ya sake shi daga tushe, ya sake takardar tambayarsa ta zama gurbi uku, na ruwa da na laima da na harawa. Hakan ya ci masa shekara guda, malaminsa ya yi ta faɗa, amma a ƙarshe ya zama Doktan gaske. Tun daga ranar ni ma ban ƙara rubuta amsar da aka ba ni a rani ba sai na koma na sake tambaya da damina. Duk ɗalibin da ya ce ba shi da lokacin haka, nakan nuna masa hanyar tasha. Abin da kuke dannawa a wayoyin nan a gindin darbejiya, ku sani wani wuri yake tafiya ya kwanta, kuma ba ya mantuwa kamar yadda ku kuke mantawa.

Don alkamar Alhaji ta ƙone a shekarar, kuma bai haƙura ba. Ya je ma'aikata ya nemo ɗaya kwafin, wanda babu layi a kansa, ya kai ƙara kotu. Yohanna ya rubuto wasiƙa, daga baya ya zo da kansa ya tsaya. Ni ma na tsaya na maimaita abin da na faɗa a ƙofar bulama. Aka tambayi Baba Maina ina tasa shaidar a rubuce. Ya ce ubansa a kwarin ya mutu, kowa ya sani. Aka ce an ji, amma ina takarda. An yi ta ɗage zama har damina biyu, bulama ya rasu a tsakani, Arɗo ya gaji ya kaɗa shanunsa kudu. A ƙarshe aka bar wa Alhaji kwarin, ruwa da ƙasa. Shekara ta gaba inji uku ne a bakinsa, ba a ƙara yin su a kwarin ba.

Wata Lahadi da safe aka yi sallama a ƙofar gidana. Baba Maina ne, da 'ya'yansa biyu, sun jingina kayansu a bango, taru a naɗe da gorunan iyo a ɗaure. Tafkin Chadi za su, mota na jiransu a tasha. Na ce a raina yau zan ji abin da bai faɗa ba a ƙofar bulama. Na shimfiɗa masa buzu na kawo ruwa. Ya sha, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Malam Sale, alfarma na zo nema. Inda za mu ba wanda ya san ni. Ka rubuta mini takarda ni ma, ka ce ni Maina ɗan Bukar, masunci ne, mai ruwan Kwarin Giyayya. Tunda yanzu abin da aka rubuta shi ake ji."

Na shiga ɗaki na yago takarda daga littafin darasi. Na rubuta da Hausa, na juya baya na rubuta da Turanci, na sa sunan ubansa da na kakansa, na sa hannu. Na karanta masa sau biyu yana gyaɗa kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya gaba ya juya baya, ya kai ta kusa da ido yana duba ƙasan.

"Ina hatimin?"

Na ce, "Baba, ni ba ni da hatimi."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ninke ta huɗu, ya cire hula ya sa a ciki ya mayar, ya ce da 'ya'yansa su ɗauki kaya kada mota ta tashi.